Atishok ko furen magariba? Ku ba ni shawara kan ɗan wurin da ya rage min a lambu

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda gizo ke saƙar.

Ina zaune a Bedford nan Ingila, shekara uku sunana yana layi a kansil kafin Allah ya sa suka ba ni ɗan filin lambu na haya, irin wanda ake yankawa mutane a gefen gari kowa ya noma abin miyarsa. Cikakken fuloti wajen murabba'in mita 250 ne, ni rabi aka ba ni. Bara na sa alayyahu da albasa da kabewa da tumatir, yakuwa ma na gwada amma sanyi ya riga ta. Yanzu abin da ya rage wani siririn wuri ne a jikin shinge, tsawonsa taku shida, faɗinsa bai fi taku ɗaya da rabi ba, rana tana samunsa tun hantsi har yamma.

To maƙwabtana biyu ne suka sa ni a tsakiya. Na hannun dama wani dattijo ne ɗan Italiya, cikin waɗanda iyayensu suka zo aikin bulo garin nan tun shekarun 1950, shi ba shi da hira sai ta atishok, ya ce in Afrilu ta kama zai ɓalle min 'ya'ya uku daga gindin nasa kyauta. Ta hagu kuma wata tsohuwar Baturiya ce, ita ta ce in raba kaina da wahala ga wani fure da take kira evening primrose, ni dai furen magariba na sa masa don wai sai rana ta faɗi yake buɗewa, ta ce sun tsiro mata da yawa in zo in tona ko ashirin ne. Kullum na shigo da butar ban ruwa sai kowa ya leƙo yana tambayata ko na yanke shawara, ni kuma kun san mu da kunya, na rasa wanda zan ce wa a'a.

Tsakani da Allah ban taɓa cin atishok ba. Na gan shi a kanti kamar wata 'yar koriyar abarba mai ɓawo-ɓawo, na ɗaga na juya na mayar don ban san ta inda ake fara masa ba. Shi kuma furen sunansa kawai na sani a jikin robar ƙwayoyin man nan da mata ke saya, yayata da ke Kano duk wanda zai zo gida sai ta ce in ba shi ya kawo mata.

Abin da ya kamata ku sani, ina aikin kula da tsofaffi ne, ba na samun zuwa lambun sai bayan bakwai na yamma da kuma ranar Asabar in ba ni da duti. Ƙasar wajen laka ce mai danƙo, ai shi ya sa a da ake buga bulo a garin, lokacin sanyi ruwa kwanciya yake yi. Yara biyu gare ni, bakwai da tara. Wanne ya fi dacewa da ni? Sannan in ya yi kyau zan iya aika wa Hajiyarmu irin ta sa a tsakar gida a Kano?

Ɗan Azhar ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ba manomi ba ne amma atishok kam na ci shi har na gaji, shekara shida na yi a Alƙahira ina karatu. Can kharshuf ake ce masa, kuma sunan da Turawa ke kiransa da shi ma daga wannan kalmar Larabcin ya fito, ta bi ta Andalus ta shiga bakin mutanen Sifaniya da Italiya. Ki tambayi dattijon naki yadda suke ce masa a gida za ki ji ya ce karcofo, kin ga ai bai yi nisa ba. Masar da Italiya da Sifaniya su ne kan gaba wajen noma shi a duniya, a Masar ɗin ma yankin Bahira wajen Kafr Dawwar aka fi saninsa da shi. In sanyi ya shigo har zuwa farkon zafi za ki gan shi tuli a kasuwa, mai sayarwa na zaune da 'yar wuƙa yana fere shi fat fat fat, kafin ki ƙirga goma ya zubar da duk ganyen ya bar ɗan gindin kamar ƙaramin kofi ya jefa a bokitin ruwa da lemon tsami, don in iska ta taɓa shi nan da nan yake baƙi kamar yankakken gauta. Wannan kofin ake cika wa niƙaƙƙen nama da albasa a jera a tukunya da ruwan tumatir. Wallahi da daɗi.

Amma bari in faɗa miki gaskiya kar ki ce ba a faɗa ba. Abin da ake ci ɗin kan fure ne da bai buɗe ba, shukar kanta dangin ƙaya ce. In za ki ci shi yadda Turawa ke yi, za ki dafa shi gaba ɗaya minti talatin zuwa arba'in, ki riƙa zare ganyen ɗaya bayan ɗaya kina dangwala gindinsa a man shanu ko man zaitun kina karce ɗan naman da haƙori ki yar da saura, in kin kai tsakiya za ki tarar da wani gashi-gashi wanda ba a ci, maƙale wa mutum yake a wuya, ki kwashe shi da cokali sannan ki isa zuciyar. Abin da za ki zubar ya ninka abin da za ki haɗiye. Ɗanɗanon tsakanin dafaffen dankalin Turawa da dafaffiyar gyaɗa, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Ranar da na fara kawo shi gida bayan na dawo, kakata ta kalli tarin ganyen da na tara a faranti ta ce ita dai tana jiran a kawo abincin.

Akwai wani abin da yaranki za su so. In mutum ya ci shi ya kora da ruwa sai ya ji ruwan ya yi zaƙi kamar an sa sukari, wani sinadari ne a cikinsa da ake kira sinarin yake ruɗa harshe. Ba kowa ne yake ji ba amma yawanci ana ji.

Shawarata kafin ki karɓi ko ɗaya, ki je kanti ki sayo guda biyu ki dafa ranar Asabar ki ga ko mutanen gidan za su ci. In ba za su ci ba to kin ba da taku shida ga abin da zai fi ki tsawo a banza.

Na Ƙofar Mata ya rubuta:

Hhhhh Hajiya kin bar Kano kin tafi har Turai noman ƙaya? Ɗaya ƙaya ɗaya fure, ba mai shiga miya ba mai shiga tuwo. Ki zuba kuɓewa a wajen kawai ki huta, ko ki ƙara alayyahu, in sun tambaya ki ce maigida ne ya hana, shikenan an kashe bakin kowa.

Baban Lambu ya rubuta:

Na Ƙofar Mata kuɓewa ba ta yi a fili a ƙasashen nan sai a ɗakin gilashi, na yi asarar iri ya fi sau biyar kafin na haƙura.

'Yata sannu da ƙoƙari. Ni ina Jamus wajen Hamburg, shekara ashirin da wani abu ina riƙe da irin wannan lambun hayar, kuma duka biyun nan na zauna da su, to bari in faɗa miki halin kowanne yadda na gani da idona.

Atishok kamar baƙon da ya zo da girmansa ne, sai an share masa ɗaki. Kowane gindi ɗaya yana son kusan mita ɗaya ta kowane ɓangare, tsawo kuma yana kai mita ɗaya da rabi har ya wuce, ganyensa manya masu launin toka-toka kamar an barbaɗa musu gari, ko bai ba ki komai ba yana ƙawata wuri. Ukun da dattijon zai ba ki sun cinye taku huɗu a cikin shidan nan. Yana da ci kuma, taki sosai yake so da ruwa lokacin da yake haɗa kai, in ya ji ƙishi kawunan sai su fito ƙanana masu tauri. Amma abin da ke kashe shi ba sanyi ba ne kaɗai, ruwan da ke kwanciya a gindinsa lokacin sanyi ne. Nawa na farko guda huɗu na sa a ƙasa mai laka irin wadda kike faɗa, suka yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo, watan Maris na zo na taɓa gindin sai hannuna ya nutse kamar ruɓaɓɓiyar albasa, ko ɗaya bai tashi ba. Daga nan na koyi yi masa tudu kamar na doya, in haɗa ƙasar da taki da ɗan tsakuwa, in Nuwamba ta yi in sare dogayen karan in lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Sai kuma dodon koɗin nan mara gida da ke cinye sabon toho cikin dare, da ƙananan baƙaƙen ƙwarin da ke taruwa a wuyan kan, su ruwa kawai nake watsa musu da ƙarfi.

'Ya'yan da ya ce zai ɓalle miki sun fi iri nesa ba kusa ba. Kamar ayaba ne, ɗan da ya fito a gindi halin uwarsa yake ɗaukowa, amma na iri sai abin da Allah ya ba ki, wani ya fito da ƙaya kamar bushiya. Ki ce ya haɗo miki da ɗan saiwa a jiki. Shekarar farko in ya fito da kai ki daure ki yanke tun yana ƙarami ya samu ya yi ƙarfi, shekara ta biyu ne za ki fara ci, Yuni zuwa Yuli, ni gindi mai lafiya yana ba ni shida zuwa takwas, babba ɗaya a tsakiya sauran ƙanana a gefe. Bayan shekara uku ko huɗu uwar ta gaji sai ki maye ta da 'ya'yanta. In kin manta ɗaya ya buɗe kar ki ji haushi, fure yake yi shuɗi mai ja-ja girman tafin hannu, ƙudan zuma har birgima suke yi a ciki.

Shi kuma furen magariba, sunan da kika sa masa ya yi, Jamusawa kyandir ɗin dare suke ce masa. Asalinsa daga Arewacin Amurka ne, tun ƙarni na 17 ya tsallako Turai, yanzu duk gefen layin dogo da tudun yashi za ki gan shi ba wanda ya shuka. Wannan ba ya tambayar ki komai. Ba taki ba ban ruwa, ƙasar da ta fi lalacewa ma ita ya fi so. Shekara biyu yake rayuwa, ta farko ganye ne kawai a kwance a ƙasa kamar faifai da doguwar saiwa kamar karas, ta biyu sai ya miƙe ya kai ƙirjin mutum ya yi ta fure daga Yuni har Satumba, ya zubar da iri ya mutu.

Kuma tunda kin ce sai yamma kike zuwa, to nan ne ya fi atishok. Ni ban taɓa ganin furen da ake kallon buɗewarsa da ido ba sai shi. Da rana za ki gan shi a naɗe kamar lema ba abin kallo, can dab da magariba, wadda a wajenku tsakiyar Yuni sai wajen tara da rabi, sai ki ga koren rigar ta tsage ta gefe ta fallo baya, furen ya ɗan yi rawa, sai kawai ya warware gaba ɗaya, kunnuwa huɗu ruwan ɗorawa, cikin minti ɗaya an gama. Wani ya buɗe nan wani ya buɗe can. Sai wani ƙamshi kamar na lemon tsami ya taso, sai manyan faɗa-wuta su zo suna shawagi a kai. Jikokina in sun zo hutu a nan muke zama a benci da sallaya a naɗe muna caca ba kuɗi kan wanda zai riga buɗewa. Washegari kafin azahar ya yanƙwane, da yamma wasu sababbi su karɓa.

To ga inda matsalar take. Gyauro. Kwanson irinsa kamar na riɗi ne sak, in ya bushe ya tsage ta sama, gindi ɗaya dubbai yake zubarwa, kuma irin yana daɗewa ƙwarai a ƙasa bai mutu ba. Akwai wani malamin tsirrai a Michigan ta Amurka, William Beal, a 1879 ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi iri-iri don a riƙa tonowa lokaci-lokaci a ga wanne zai tsiro, bayan shekara 80 irin wannan furen yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka tsiro. Kin ga kenan. Irin haske yake jira, duk sanda kika juya ƙasa da shebur kin tashe su. Kuma a lambun haya ba abin da ke haɗa maƙwabta faɗa kamar abinka ya zubar da iri a fangalin wani. Ni dabarata gindi uku nake bari, da na ga furen ya kai can saman kara sai in sare tun kwanson yana kore, in bar ɗaya tak saboda tsuntsaye da kuma na baɗi.

Ki tambayi tsohuwar launin nata. In ruwan ɗorawa ne dogo to shi ne wanda nake faɗa, da hannu ake tuge shi. In gajere ne mai ruwan hoda ki gudu, wancan ta saiwa yake yaɗuwa kamar ƙiri-ƙiri, ba ya fita.

Saiwar shekarar farko ana ci, mutanen da a nan suna noma shi don ita, har suna ce mata saiwar naman alade don in an dafa ja-ja take yi, ba wai akwai wani abu a ciki ba kar hankalinki ya tashi. Na dafa sau ɗaya, tana da ɗan yaji-yaji a maƙogwaro, ban sake ba.

Kafin ki ba kowa amsa ki je ki tsuguna a gindin shingen da ke tsakaninki da tsohuwar ki duba da kyau tukuna.

Anti Famasi ta rubuta:

'Yar uwa ni ta wajen maganar man zan shigo tunda kin ambaci yayarki, don na san wasu za su karanta su ce to ai gara in shuka in huta da saye. Ba zai yiwu ba. Daga irin ake tatsar man, irin kuma ƙanana ne ƙwarai, sun fi riɗi ƙanƙanta nesa, duk abin da taku shida zai ba ki ko kin kai inji ba zai cika ƙaramar kwalba ba. Gonaki guda ake yi masa.

Sannan shi kansa man an zuzuta shi fiye da abin da yake yi. Akwai wani nau'in kitse a cikinsa da ake kira GLA, a kansa aka gina duk tallan, wai ciwon nono kafin al'ada, wai ƙaiƙayin fata, a wajenmu kuma har an ƙara masa da neman haihuwa da sauƙin naƙuda. A nan Ingila da likitoci suna rubuta shi, amma a 2002 hukumar magunguna ta janye lasisin magunguna biyu da ake yi da man, Epogam da Efamast, na fata da na ciwon nono kenan, saboda ba a samu gamsasshiyar hujjar yana aiki ba. A 2013 kuma masu nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan ciwon fatar nan mai ƙaiƙayi suka ga bai fi ƙwayar da ba komai a ciki ba. Yanzu a matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, ba magani ba. Ban ce guba ne ba, yawancin mutane ba abin da yake musu sai ɗan tashin zuciya ko ciwon kai, amma mai ciki kar ta sha ko ta yi matsi da shi don wata ta faɗa a guruf, sai da sanin likitarta, haka mai shan maganin tsinka jini da mai farfaɗiya. Dan Allah ki tambayi Yaya me take sha masa, kar ya zama akwai abin da ya kamata a duba a asibiti ana ta jinkiri da ƙwayar mai.

Atishok ɗin ma ana sayar da ruwan ganyensa a ƙwaya wai don hanta da narkewar abinci. Ci a faranti ba komai, amma mai tsakuwar matsarmama ya yi hankali da ƙwayar.

A lambu dai ni atishok zan zaɓa, abin da zan ci ya fi min abin da zan kalla, kuma kuɗinsa a kanti ba wasa ba.

Manomin Vom ya rubuta:

Ranki ya daɗe ni tambayarki ta ƙarshe zan amsa, ta aika wa Hajiya a Kano. Ina noman kabeji da karas da sitiroberi a nan wajen Vom, kin san mu nan Filato tudun ya kai mita 1,200 sama da teku shi ya sa kayan Turawa da yawa suke yi mana. Wani ƙanina ya taɓa kawo min irin atishok fakiti ɗaya na gwada. Ganye kam ya yi, har mutane suna tambaya ko sabon irin taba ne, amma wata tara ina ban ruwa kai biyu kacal na gani cikin gindi goma sha ɗaya, su ma kafin in ankara zafin Maris ya buɗe su. Daga baya na gane shukar sai ta ji sanyi na gaske, ƙasa da digiri 10 na kwana goma ko fiye tana ƙarama, sannan take yarda ta yi kai. Namu hunturun dare ne kawai, da rana ta fito ya tafi. Akwai wani iri Imperial Star da aka gyara don ya yi kai a shekarar farko da ɗan sanyi kaɗan, manyan manoma a ƙasashe masu ɗumi kuma har wani sinadarin girma suke fesa masa don ya yi, a Peru ma ana noma shi sosai ana fitarwa waje. To amma wannan duk ba aikin tsakar gida ba ne. In a Jos ya yi min haka, a Kano zafin Afrilu dafa shi zai yi a tsaye. Ki bar Hajiya da zogalenta da na'a-na'a.

Furen ban taɓa shuka shi ba, amma abin da Baba ya faɗa na gyauro ya ishe ni. Mu da muke fama da baƙin ciyayin da aka shigo da su aka bar mu da noma, ba zan ce a sa iri a ambulan a aiko ba. Kuma iri ba a wucewa da shi iyaka haka nan sai da takardar masu duba tsirrai.

Ɗan Azhar ya rubuta:

Af na manta Hajiya, ki tabbatar wanne dattijon zai ba ki, don akwai wani da ake kira atishok ɗin Jerusalem wanda ba atishok ba ne kuma bai san hanyar Ƙudus ba, ɗan uwan furen bi-rana ne daga Amurka, saiwarsa ake ci, kamar citta a ido kamar rizga a baki. Shi ko'ina yake yi amma in ya shiga ƙasa ba ya fita, kuma kumburin cikin da yake sawa sai dai mutum ya yi ta sabunta alwala. Tunda ɗan Italiya ne na san na gasken ne, amma dai ki duba ganyen, in toka-toka ne mai tsage-tsage to shi ne.

Baba kuma Allah ya ƙara girma, kun sa ni ma ina son ganin furen nan yana buɗewa.

Maman Biyu ta rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Ku yi haƙuri na yi shiru kwana biyu, duti ne.

Malam Ɗan Azhar na bi shawararka na sayo biyu na dafa ranar Asabar. Maigida ya karci ganye uku ya ce shi ba akuya ba ne ya tashi ya ɗumama tuwo. Ƙaramar ta ƙi ko taɓawa. Babban kuwa shi ya cinye zuciyar duka biyun, ya sha ruwa kofi uku yana ihu wai na sa sukari a famfo. Ni ma dai ya yi min, musamman da na matsa lemon tsami da ɗan yaji, ina ga wancan na niƙaƙƙen naman ne zai shiga gidan nan.

Anti na kira Yaya, ashe shekara biyu kenan tana sha wai don al'adarta da ta rikice, ba ta taɓa zuwa an duba ba. Mun yi da ita za ta je cikin satin nan, na ce ba zan ƙara aikowa ba sai na ji abin da aka ce. Malam na Vom maganar aika iri kuma na bar ta.

Baba ku kuma sai yanzu na gane abin da kuke nufi. Jiya na je na tsuguna a gindin shingen, wallahi sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Ganyen nan da ke kwance kamar faifai mai ɗan ja a jijiyar tsakiya, wanda tun bara nake ta sara da fartanya ina cewa wace irin ciyawa ce wannan mai saiwa kamar karas, ashe shi ne. Na ƙirga goma sha huɗu a ɓangarena, har da biyu a cikin albasa. Na kira tsohuwar ta leƙo ta ce eh su ne, ruwan ɗorawa ne dogaye, ta ce ai ta ɗauka na sani. To wancan dai ya riga ya shigo ba sallama. Zan bar uku a can ƙarshen wajen durom ɗin ruwa inda nake zama in huta, sauran in tuge, in sare kan tun yana kore yadda kuka ce.

Na faɗa wa dattijon biyu zan karɓa ba uku ba, ya ɗan ɓata rai amma ya ce zai zo da kansa ya nuna min yadda ake tudun, har ya ce yana da ragowar tsakuwa a bayan rumfarsa. Ya ce sati na biyu na Afrilu in ƙasa ta ɗan sha iska.

Sai dai Baba tambaya ɗaya, takin doki ake kawo mana nan a tirela a zube a bakin get kowa ya ɗiba, wanda aka kawo satin nan ɗanye ne har tururi yake yi. In zuba shi a tudun yanzu ya huce kafin Afrilu, ko in nemi na bara da ya riga ya yi baƙi?